Filayar da Ke Tsatsa a Jakata

Ni dai ban taɓa yarda da mai sayar da kayan wuta ba, ko da kuwa a sahu ɗaya muke salla. Mai aikin wayarin, ransa na riƙe ne a robar filayarsa. Shi ya sa in na je sayen filaya mai yanka, sai na gajiyar da mai shago. In haɗe bakinta in ɗaga ta saitin rana, in haske ya ratso tsakanin kaifin, na ajiye. In murɗa robar mariƙin, in ta juya ko kaɗan, ba ni ba ita. Sannan in zaro guntun waya daga aljihuna in datsa, ba wadda mai shago zai miƙo ba, don na san tasu mai laushi ce. Ta ƙwarai ƙas take yi sau ɗaya, jabu kuwa tauna take yi.

Akwai wani Alhaji a kasuwar Funtuwa da ya iya jure wannan halin nawa. Shekarar da na fara cin gashin kaina na sayi filaya a wurinsa, na yi mata duk gwajin nan ta haye. Ba a jima ba na ga tsatsa ta fito mata a gaɓa, tana ƙin buɗuwa sai da hannu biyu. Rani ne fa, ko ɗigon ruwa babu. Na ce to, ashe musanya mini ya yi lokacin da yake sa ta a leda. Na koma na sayi wata, wannan karon daga hannuna sai aljihuna. Ita ma ta yi tsatsa.

Na bar shi, na hau babur har Malumfashi na sayo ta gwanjo, tsohon ƙarfe mai nauyi. Wallahi ita ma haka.

Ran nan aka kira ni Maska gyaran wayar wani injin niƙa. Mai injin ya rantse ya kashe wuta, ni kuma da ba na yarda da kowa, ranar na yarda. Ina datsa wayar na ji kamar an maka mini taɓarya a kafaɗa. Na farfaɗo a cikin dusa, mata na salati, tafin hannuna ya ƙone. Filayar Alhaji ce a hannuna, ta biyun. Robar da aka yi don ta tsare ni ita ta ba da ni.

Ko gida ban biya ba. Na wuce shagon Alhaji, na dire masa ita a kan tebur gaban mutane, na ce, "Alhaji, kashe ni za ka yi? Ka ji tsoron Allah mana!"

Ya sa reza ya tsaga robar, sai ga ruwa ya ɗigo, baƙi-baƙi. Ya shafa a yatsa ya shinshina, ya dube ni.

"Malam, wannan ba daga kamfani ya zo ba. Tawada ce. Rubutu ake zuba wa filayarka."

Rubutu kuma? Wa na tsare wa hanya? Nan take na tuna wani mai wayarin na Dandume da na karɓe wa aikin wani masallaci. Na tuna maƙwabcina da na hana aron filaya zai yanke wayar shinge. Har matata sai da na yi kwanaki ina kallonta a kaikaice, baiwar Allah tana tambayata ko miyar ce ba ta yi ba. Na daina ba kowa hannu da kyau. Jakar kayan aikina kuwa, da nake ratayewa a zaure, na fara ɗaura mata zare a zif don in gane ko an buɗe. Kullum sai in tarar da zaren a ɗaure, amma ɗaurin ba nawa ba ne, ya fi nawa kyau.

Wata safiya na shirya zan tafi Kafur. Na tura babur ƙofar gida, na ɗaga murya don mutanen gida su ji, na ce bari in sha mai a bakin titi in dawo in ɗauki jaka. Ban yi nisa ba na juyo, na kashe babur daga nesa, na lallaɓo na leƙa zaure. Zuciyata na tafasa, na riga na tanadi zagin da zan yi.

Inna ce. Mahaifiyata.

Tana durƙushe, sabuwar filayar da na saya bayan abin Maska a tafin hannunta, ga ɗan kofin silba da rubutu a ciki a gefe. Tana tsoma yatsu tana shafe ta tun daga baki har mariƙi, tana ɗura sauran a cikin robar don ya shiga sosai, leɓunanta na motsi.

Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ce mini sannu a gaban mutane ba. In ina zazzaɓi, ƙannena take aikowa da kunu, ta ce ragowa ce. Ranar da na ce zan koyi aikin wuta, cewa kawai ta yi, "Allah ya tsare," tana kallon bango. Ashe abin da ta kasa yi wa hannuna shi take yi wa abin da hannun ke riƙewa.

Ta ɗago ta gan ni. Kunya ta kama ta kamar ƙaramar yarinya, ta tura kofin bayan zanenta.

"Ƙura na gani a kai," in ji ta.

"Na gode, Inna."

Idonta ya sauka a kan tsumman da ke ɗaure a hannuna. Ta kau da kai, ta tambayi ƙofar zaure, "Wannan ciwon fa, na mene ne?"

Maganar ta zo mini har baki. In na faɗa, matar nan ba za ta ƙara barci mai daɗi ba har ta koma ga Allah.

"Salansar babur ce ta ƙona ni."

Na buɗe aljihun jakar na ɗauko 'yar kwalbar man keken ɗinki da nake ɗiga wa gaɓar filaya. Na durƙusa na ajiye a gabanta. Na ce, "Inna, an ce shi ƙarfe ba ya riƙe ruwa. Mai yake sha. In tofi ne, a cikin wannan ya fi zama."

Ta ɗauki kwalbar ta jujjuya, ba ta dube ni ba. "Wa ya ce maka tofi nake yi?" Ta ƙulle ta a haɓar zane ta shige ciki.

Na je na ba Alhaji haƙuri a gaban mutanen da na ci masa mutunci. Ya tambaye ni ko na kama mai yi mini asirin, na ce na kama, mun sasanta.

Filayar tana nan a jakata. Inna ta rasu ba ta san abin da ya faru a Maska ba. Da ƙannena mata ke kwashe kayan ɗakinta, suka kawo mini wani kwano cike da 'yan kwalaben man keke, duk babu komai a ciki, suna tambaya me Inna take yi da su, ita da ba ta taɓa mallakar keken ɗinki ba.