Mailafiya da Gyambon Sanaubar

Kafin rana ta leƙo kan duwatsun Makka, Baba Mailafiya ya riga ya bar unguwar Mansur, buta a hannu, wuƙa a ɗamara, ya nufi Aziziyya. Shekara goma sha ɗaya yana wannan tafiya. In ya isa lambun da yake aiki, ba ya fara ban ruwa sai ya zaga itatuwa ɗaya bayan ɗaya yana shafa bawonsu kamar mai gaida marasa lafiya. Sannan ya hura 'yar wuta a kasko. An daɗe ana zaton shayi zai dafa.

Mai lambun wani attajiri ne da ya je Lubnan sau ɗaya, ya dawo bai warke ba. Can ya ga sanaubar, itacen ƙasar sanyi mai ganye kamar allura, ya ce shi ma sai an dasa masa arba'in. A Makka, inda ƙasa ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Mailafiya ya yi musu rumfa, ya yi ta jidar ruwa, har itatuwan suka haƙura suka rayu.

A shekarar 1386 ta Hijira ciwo ya shigo. Bawo ya lotsa, ƙaro ya riƙa tsiyaya kamar hawaye, ganye ya yi ja, reshe ya bushe. Mailafiya ya ce gyambo ne. Da bakwai suka mutu, mai gida ya kira muhandis, masanin noma mai alƙalami uku a aljihu ɗaya. Ya ɓantari bawo, ya zuba a kwalba, ya tafi bincike. Bayan mako uku ya dawo ya gyara tabarau.

"Fiɗir ne."

"Ya muhandis, wane fiɗir kuma?" in ji Mailafiya. "Muna Rajab fa. Ko azumi bai kama ba."

Ashe ba ƙaramar Salla ake nufi ba. A Larabcin littafi haka ake kiran fumfuna, irin wadda ke kama tuwon da ya kwana uku. A nan muhandis ya yi daidai, a ba shi haƙƙinsa. Amma sai ya ƙara da cewa yawan ban ruwa ne ya jawo ta, ya nuna Mailafiya da ɗaya daga cikin alƙaluman.

Mai gida ya ce, "Daga nan zuwa Hajji. In ciwon bai tsaya ba, ma'assalama."

Kowa a Mansur ya san ma'anar wannan sallama ga mutumin da takardar zamansa ta ƙare tun Hajjinsa na farko. Inuwar mai gida ce takardarsa. In ta gushe, sai jirgin ruwa a Jidda, a mayar da shi gida.

Matarsa Hajara, mai ɗinkin hula, ta ce, "Malam, ka gaya masa gaskiya mana. Itacen ne ke son komawa garinsu."

"Ba ni zare, ja da fari."

"Hula za ka ɗinka musu?"

Abin da Mailafiya ya tuna shi ne, mai gida ya sayo wani almakashi mai ƙyalli daga waje, kuma duk Juma'a bayan masallaci sai ya zaga da baƙinsa yana datse rassa da kansa, wai don su yi kama da na cikin hoto. Sai Mailafiya ya riƙa ɗaura jan zare a duk reshen da almakashi ya taɓa, fari kuma a wanda shi ya yanka da wuƙarsa. Wata uku yana wannan. Issoufou, direban gidan, shaida ne, don har ya tambaye shi a ɓoye ko laya ce, in ta yi aiki a yi masa ta mota.

Bayan Salla ya kira muhandis gefe. "Ni ba ni da karatu. Taimaka ka ƙirga mini."

Muhandis ya ƙirga. Jan zare talatin da ɗaya, ashirin da shida da gyambo. Fari ashirin, babu ko ɗaya. Ya sake ƙirgawa, ko zaren zai canja ra'ayi.

"Me ya bambanta wuƙarka, kawu?"

"Wuta. Ubana wanzami ne a Gaya. A gidanmu aska ba ta barin kai ta hau wani kai sai ta ga wuta. Ko a Mina haka nake aski, alhazai na ta faɗa wai ina ɓata musu lokaci."

Kai ne, Baba, ka san wanda ke yawo da ciwon daga itace zuwa itace tun ran farko, amma ba ka faɗa gaban baƙi ba. Kai ne ka bar mai tabarau ya kai labarin, don ka san daga bakinsa za a ji, daga naka za a ji haushi. Ɗan wanzami mai sanyin hannu, ka yi wa itace abin da ake yi wa kan mutum.

Mai gida ya saurari muhandis, ya shafa gemu, ya ce ai shi ma ya daɗe yana zargin almakashin. An yanke rassa masu ciwo an ƙone. Hajji ya zo ya wuce, ba wanda ya ƙara ambaton ma'assalama. Itatuwa talatin suka tsira, suna nan har yau, suna mamakin inda suka tsinci kansu.

Bana gwiwa ta ce ya isa, Mailafiya ya ajiye aiki. Mai gida ya ce inuwarsa na nan, ba sai ya zo ba. Yanzu yana zaune ƙofar gida a Mansur, kaskon nan a gabansa, wannan karon shayin ne da gaske.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya ba gwiwa haƙuri. Masu yanka da masu datsewa, ko itace ne ko kai ne, ku nuna wa ƙarfenku wuta, kuma kafin ku nuna mutum da alƙalami ku ɗaura zare ku ƙirga.

Muhandis ya rubuta rahoto shafi goma sha biyu. A shafi na tara akwai layi ɗaya da ya ce wani ma'aikaci ya taimaka. Sunan ma'aikacin Mailafiya. Zaren kuma na Hajara ne, ta ce a rubuta.