Zanar Maidawa a Azbin

Kakana Maidawa masaƙin zana ne a Jiratawa, mutumin da bai iya zama hannu sake ba. Shekarar da Faransawa suka sako shi daga aikin tilas na hanyar Maraɗi, ya dawo a rame kamar kara. Amininsa Agali, Buzun da ke sauka gidansa da ayarin gishiri, ya ce, "Taho Azbin ka huta, ɗan'uwa."

Suka sauka bakin wani tafki tsakanin duwatsu, ruwa garai-garai, sanyi har ƙashi. Ya sha nonon raƙumi, ya murmure. Abu ɗaya ya hana shi sakewa: bukkar mutanen nan a fili take, ko danga babu. Wannan ai tsiraici ne! Ya yanko ciyawar bakin tafki, ya saƙa zana, ya kewaye bukkar tsaf, godiyarsa ke nan. Bai san masu bukkar ba sa daɗewa wuri ɗaya ba.

Da ya gama, washegari aka hau ɗaure kaya, za a tashi neman kiwo. Kunya ta rufe shi. Sai matar Agali ta kwance zanar da hannunta, ta naɗe, ta ɗora wa raƙuminta, ita kuwa ta taka a ƙasa. Duk inda aka sauka sai ta kafa ta.

Har ya rasu, in aka taɓa Buzaye a kasuwa, zumbur yake miƙewa. "Ku rufa mini baki," yakan ce. "Mace ta yi tafiyar ƙasa don kar in ji kunya."