Da Wutata

Ta bango Hassana ke jin muryar mai gidan hayarsu, Baba Lurwanu: "Duk Madina kamfani ya rasa wanda zai turo sai kai?"

"To kore ni, ya ammi, kamar wancan karon. Ku ci gaba da wanka da ruwan sanyi," in ji mai gyaran. Ya ammi, kiran da ake yi wa suruki ke nan a garin.

Ta sauko ta leƙa ɗakin gallaya, tsohuwar tukunyar dizal da ke dumama ruwan gidan. Mai gyaran dogo ne siriri, gemu a gyare, ga ƙamshin turare yana kokawa da warin mai. Wa ke shafa turaren oud don ya zo canza murhun tukunya? Sai wanda ya san gidan da zai shiga.

Ya zare mataccen murhun, ya zura sabo, yana ɗaure kowane noti kamar mai murɗe wuya. Ba ya tambayar inda makunni yake. Hannunsa ya sani. Lokaci-lokaci yana ɗaga kai ga silin, wajen ɗakin Hanan, 'yar mai gida da ta sake aure bana.

Ya ɗaura sabon ma'aunin zafi, ya murza shi har kan jan layi, inda ruwa ke saɓule fata. Yatsansa ya daɗe a wurin. Sannan a hankali ya dawo da shi daidai, wuta ta kama da gurnani.

A bakin ƙofa ya juyo wajen Baba Lurwanu, yana goge hannu.

"Ka gaya wa Hanan, duk safiyar da angonta ya yi wanka, da wutata ya yi."