Idon Kawu a Hanyar Duwatsu

Shekarar da kuɗin mai ya fara hauka, kawuna ya sayi mota fil a leda. Duk Fagge ba wanda bai sha hon ɗinta ba. A majalisar ƙofar gidanmu ya rantse sai ya kai ta inda ɗan Kano bai taɓa kaiwa ba: hanyar duwatsun nan da ta tashi daga gandun dajin Gashaka, ta tsallaka iyaka, ta faɗa wani gandun a Kamaru. Mutumin da ko Dala bai taɓa hawa ba!

Mu uku muka tafi. Shi, da ni da boko ya ƙi ni na ƙi shi, da bakanikensa, wani Ibo ɗan Sabon Gari da muke ce wa Oga.

A hawan farko Kawu ya leƙa taga, ya ga gajimare a ƙasanmu. Nan take ya taka birki, ya bar wa Oga sitiyari, ya koma baya ya jawo hula ya rufe ido. Ruwa na zubowa daga kan dutse, gwaggon biri na tsallaka titi da 'ya'ya a baya, kore ko'ina har ido ya gaji. Kawu bai ga ko ɗaya ba. A iyaka ma sai da jami'i ya ɗaga hular ya duba ko da rai.

Da muka dawo majalisa ta cika. Aka ce, "To Alhaji, ba mu labari."

Ya kalle ni. Idan na buɗe baki, sunansa ya mutu a unguwa.

Na ce, "Kawu, fara da zakin da ka yi wa hon ya ba ka hanya."

Ya ce, "Ƙwarai, an yi haka."

"Da birin da ya karɓi goro a hannunka."

"E... fari ma ya zaɓa."

Kullum da yamma ina ƙara masa dabba, yana amsawa yana hararata. Tsiren toshiyar baki kuwa na ci shi a aljihunsa har na gaji.

Ran nan sai ga Oga ya zo duba man motar. Wani tela ya ce, "Oga, da gaske Alhaji ya kori zaki?"

Oga ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Zaki? Ni ban gani ba. Alhaji dai tun daga ƙasa har sama idonsa rufe, bakinsa bai huta da addu'a ba. In ba don shi ba, da yanzu muna cikin rami."

Majalisa ta ɗau "Allahu akbar!" Kawu ya gyara zama, ya ce, "Ai ban so a sani ba. Zakin kuwa, ku tambayi wannan maƙaryacin."

Tun daga ranar duk mai tafiya sai ya biyo Kawu ya yi masa addu'a. Ni kuma tsire ya ƙare.