Tuwon Ƙarfe

Ko ranar da za a kwantar da ni kusa da maigidana, ba na jin zan manta da abin da kwamfuta ta yi wa ɗana. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta rage wa yayanta kunya ko kaɗan.

Maigidana mai walda ne a Unguwar Mu'azu. Aikin da aka san shi da shi shi ne mazurarin injin niƙa, wanda samansa kusurwa huɗu ne, ƙasansa kuma zagaye. Shekara talatin ina riƙe masa bakin zare yana zana shi a kan kwali da alli. Kullum sai ya ƙara faɗin yatsa kafin ya yanka, ya ce, "Wannan tuwon ƙarfe ne. Duk inda ka lanƙwasa shi sai ya ci, kabun haɗa gefe da gefe ma sai ya ci." Har yau in na ji ƙarar guduma sai hawaye ya zubo mini.

Wata biyar bayan jana'izarsa, ɗana da ya gama makarantar injiniya ya karɓi shagon. Masu kawo aiki duk sun watse, saura wata mata mai injin niƙa a Kakau da ta kawo aikin mazurari. Ta faɗa mini a gabansa, "Mama, don Baba na zo. In bai yi ba, wurin masu waldar Panteka zan koma." Na san in ta tafi, rufe shagon za a yi.

Na ɗauko masa kwalayen ubansa. Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

"Mama, ki kai wa kaji su kwana a kai. Yanzu kwamfuta ke shimfiɗa zane."

Ya nuna mini mazurarin yana juyawa a cikin gilashin kwamfutar, ya danna wani abu sai ya baje kamar fatar akuya. Gaskiya ya yi kyau. Na ce, "Injiniya, ka sa masa tuwonsa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙarfe ba ya jin yunwa, Mama."

Aka yanka fallen ƙarfe sabo fil, aka lanƙwasa. Da aka zo haɗa gefe da gefe, suka ƙi, kamar surukai masu gaba. Ya buga, ya matse, ya hau kai da gwiwa. Ramin da ke tsakaninsu yana nan, yatsana ya shige daidai. Matar ta leƙa ta ce, "Wannan tagar fa? Don masara ta sha iska?"

Ya ce laifin mai lanƙwasawa ne. Ya ce laifin fallen ne. Saura kaɗan ya ce laifin gwamnati ne.

Na shimfiɗa kwalin kajin a kan zanensa, kwalin ya fi shi da faɗin yatsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya koma kan kwamfutar. Ashe akwai guraben da ake faɗa mata kaurin ƙarfe da abin da kabu zai ci, shi kuwa ya tsallake su. Ita kuma kwamfutar, baiwar Allah, ta zana masa mazurari kamar na takarda mara kauri.

Ya cike guraben, aka yanka wani falle, gefen ya rufe ruf. Matar ta ɗauki kayanta, bayan sati biyu ta turo mana maƙwabciyarta. Yanzu kwalayen suna rataye a bango, kuma 'yata ta ce a cikin kwamfutar ya sa wa guraben nan suna "tuwon Baba". Ranar da ta gaya mini, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta san abin da ba a faɗa mata ba, kuma mai takarda ba ya tambayar mai riƙe zare sai ya ɓata falle guda.