Maganin yatsa

A Karofi na yi auren fari, lokacin Turawa na shirin tafiya. Mijina manomi ne, marar yawan magana. Mun haifi ɗa namiji, ƙyanda ta ɗauke shi yana rarrafe.

Bayan rasuwar yaron mijina ya daina kusantata. Na ɗauka ƙina yake yi, na yi fushi har na gaji. Wata rana muna roron wake ya juya mini baya ya faɗa mini. Wani tauri ne ya fito masa a gaba, a ƙarƙashin fata, kamar ƙwallon dabino. Abin ya lanƙwashe, ga zafi, kwanciyar aure ta gagara.

"Kada kowa shi ji," in ji shi. Na ce to.

Ƙaramin yatsansa na hagu ma ya fara naɗewa cikin tafi, da irin wannan taurin. Shi ne ya zama abin nunawa. Ranar kasuwar Kurfi ya je wurin maɗori, kunya ta hana shi buɗe baki, sai ya miƙa hannu. Aka ba shi man kaɗanya da garin saiwa, aka ce ya riƙa gasawa da tsumma mai ɗumi yana miƙarwa a hankali. A ɗakin shan magani na Dutsin-Ma ma yatsan ya nuna, ya dawo da man shafawa mai wari. Wani wanzami ya ce a tsaga, ya ce shi ba ya son aska.

Kullum da hantsi ni nake narka man a kasko, ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure ya shafa a gabansa. Duk gidan sun san ana jinyar yatsa. Har dariya ƙannensa suke yi, wai yatsa ɗaya ya cinye man gari. Zafin dai ya ragu, amma lanƙwasar tana nan.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Uwar mijina ta fara duban cikina kafin ta amsa gaisuwa.

"Ke mi ya same ki? Tun wancan yaron shiru?"

"Inna, sai Allah ya kawo."

Ta kai ni wurin malamai, na sha rubutu, na sha jiƙo mai ɗaci, lafiyata lau. Ina sha mijina yana gani. Wallahi na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi ba.

Da ta matsa, ya sake ni. A gabanta ya ce ni ce na daina haihuwa, idonsa a ƙasa. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni, ban faɗa ba. Na ɗaure kayana ina jin na cika masa alkawari.

Bayan idda na auri wani mai sayar da hatsi a Kurfi. Ban daɗe ba na samu ciki. Mata suna yi mini barka, suna ƙara da cewa ashe ba daga gare ni ba ne. Kafin in haihu maganar ta isa Karofi, har ana yi wa tsohon mijina shaguɓe a bakin masallaci. Ya bar gonarsa da hatsi a tsaye, ya yi Kudu, ba a sake ganinsa ba.

Ranar suna gida ya cika da guɗa. Ina rungume da ɗiyata ina kuka, kowa ya ɗauka na murna ne.