Larabar da Bakina Ya Ƙi Buɗuwa

Duk abin da zan manta a aikin lafiya, ban da Larabar da aka zo duba ni a ƙaramin asibitinmu na Limawa. Lokacin mulkin soja ne, ina ƙaramin malamin lafiya a shekarata ta biyu. A ƙa'idar wancan zamani, sai babban jami'i ya zo daga ma'aikata ya ga aikinka da idonsa kafin a tabbatar da kai. In bai gamsu ba, ka koma gida.

Aikina shi ne yi wa mata jawabi kowace Laraba kafin a fara raba kati. Wanda na fi ƙwarewa a kai shi ne na gyambon baki, ƙananan ƙurajen nan da ke hana mutum cin tuwo. Na haddace shi tsaf: a kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, a rage yaji da shayi mai zafi, a ci ganye, a yi aswaki a hankali, in ya wuce mako biyu a zo asibiti. Sai in rufe da faɗa: kada wadda ta kuskura ta daka asfirin ta ɗora a kai, ƙona nama yake yi. Ina faɗi ina hararar Mama Asabe, wata tsohuwa mai ƙosai daga Kpakungu da ke rako jikokinta, don kullum gyangyaɗi take yi. Haushinta nake ji sosai.

Saura kwana uku jami'in ya zo, fargaba ta sa na koma goro da tsire mai yaji. Ƙuraje uku suka fito min a ƙarƙashin harshe. Na gwada ruwan gishiri sau ɗaya, na ga wannan magani ne na masu haƙuri, ni kuwa ma'aikaci ne mai sauri. Na daka asfirin biyu na danna a wurin.

Ranar Laraba na iso da baki kamar an cusa min gurasa. Sista Ladi, shugabarmu, ta haska ta duba.

"Malam Sani, menene ka sa a nan?"

Na rubuta mata a takarda. Ta karanta, ta dube ni, ta ce, "Kai ɗin?" Sannan ta shafe min baki da shuɗin maganin nan na gyambo, har leɓe.

Haka na tsaya gaban mata cike da benci, jami'in yana gefe da fayil a cinya. Na buɗe baki, ban da miyau babu abin da ya fito. Wallahi na ji tsoro, har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Sai Mama Asabe ta miƙe, ta gyara zani.

"Ranka ya daɗe, ɗan nan ba shi da lafiya. Bari in karɓa masa."

Ta kawo jawabina daga gishiri har mako biyu, ba ta tsallake komai ba, har da yadda nake ɗaga yatsa. Matan suna amsa mata. Da ta zo kan asfirin sai ta kama haɓata ta juya ni wajen jama'a.

"Kun ga irinta? Wannan ƙunar asfirin ce, na san ta. Malam, buɗe su gani."

Na buɗe. Aka bi layi ana leƙawa ana salati.

Jami'in ya yi rubutu mai tsawo. Da zai shiga mota ya ce min bai taɓa ganin inda jawabi ya shiga jikin jama'a haka ba, kuma dabarar kawo misali a zahiri ta burge shi. Sista Ladi ta kawar da kai tana tari. Bayan wata biyu takardar tabbatarwata ta iso.

Ku da kuke fara aikin nan, ku daina raina mai gyangyaɗi a benci. Shekara biyu ina wannan jawabi, ashe duk ɗakin mutum ɗaya ne bai taɓa saurara ba, kuma shi aka ba takardar.